Maki Goma Sha Biyu da Alƙawarin Cliff Holroyd

Duk faɗin garin Brighouse babu wanda ya kai Clifford Holroyd iya tafiya a hankali. Ba hali ba ne kawai, sana'a ce. Shekara talatin da huɗu yana tuƙa motar gawa ta gidan Sowden, tun zamanin tsoho Sowden har zuwa 'yarsa Denise da ke riƙe da gidan yanzu, kuma ba a taɓa jin fure ɗaya ya zamo daga kan akwati a hannunsa ba. Shi ya sa ranar da labari ya iso kulob ɗin ma'aikata cewa an kama Cliff da laifin gudu, sai da mutane suka yi dariya har da riƙe ciki. Wani ya tambaya ko mamacin ne ya ce yana sauri.

Ba a motar aiki abin ya faru ba, a tsohuwar jar motarsa ce ta gida. Ƙafar da ta yini tana azumi, in ta samu totur da yamma ba ta sanin ƙoshi. Amma in ka tambaye shi, laifin allunan nan ne na babbar hanyar M62. Da can direba ya san mil saba'in ce iyakarsa, magana ta ƙare. Sai masu hanya suka kakkafa ƙarafa a saman titi, suka rataya alluna masu wuta, lamba a cikin jan zobe tana canzawa yadda ta ga dama. Wannan ya ce sittin, na gaba ya ce hamsin, na gabansa ya koma sittin, can kuma sai arba'in, alhali titi fayau kamar an share. A gefen ƙarfen ga kyamara a laɓe. Sun ce don a rage cunkoso da haɗari ne, kuma wataƙila da gaskiyarsu, amma ni dai har yau ban haɗu da direban da ya ce musu sannu da aiki ba.

Cliff ba maƙiyin tafiyar sannu ba ne, ina! Abin da ke ci masa rai shi ne sannun da ba ta da dalili. A aikinsa kowane rage gudu yana da mai shi. Kafin jana'iza yakan tambayi iyalin mamaci inda marigayin ya yi makaranta, inda ya yi aiki, shagon da yake sayen jarida. In motar ta zo daidai wurin sai ya sassauta har taya ta kusa tsayawa, a yi sallama, sannan ya ci gaba. "Wannan ita ce sannu mai mutunci," in ji shi. "Amma allo ya ce mini arba'in a kan titin da ko kurciya babu? Wa ya mutu a wurin?"

Allo dai ba ya amsa tambaya, wasiƙa yake aikowa. Ta farko ta zo da makin laifi uku a kan lasinsa. Bayan shekara guda wata ta biyo, shida ke nan. Ta ukun ta same shi yana dawowa daga bikin jikarsa, tara. Kowane direba a ƙasar nan ya san lissafin: maki goma sha biyu cikin shekara uku, a karɓe lasin wata shida. Matarsa Glenys, wadda ta yi ritaya daga dafa abincin 'yan makaranta, ta liƙa wasiƙar ta uku a jikin firji da maganaɗisu, daidai inda zai gan ta duk sanda ya je ɗauko madara.

A wannan kakar ce likitoci suka gano ciwon daji a huhun Len Hinchliffe. Len abokin Cliff ne tun suna aji ɗaya a firamare, ƙato mai faɗin baki, wanda ya shekara arba'in da ɗaya yana jan tirela tsakanin Hull da Liverpool. Ba shi da abin alfahari a duniya kamar lasinsa: duk shekarun nan ko maki ɗaya bai taɓa hawa kansa ba, kuma ba ya bari a gama karta bai faɗa ba. Matarsa Sheila ta rasu shekara bakwai da suka wuce, Cliff ne ya kai ta makabartar kan tudu, hayin babbar hanya.

Ranar Alhamis suna karta a kulob, Len ya ajiye katinsa ya ce, "Kai mai gawa, ina da aiki gare ka."

"Wa ya mutu?"

"Ni ne, amma ba yau ba. Yadda ka kai Sheila, haka nake so ka kai ni. Kai da kanka, ba wani ba. Ban yarda wani ɗan gaggawa ya jijjiga ni a kwana ba."

Cliff ya daɗe yana kallon katin hannunsa ba tare da ya ga abin da ke jiki ba. Len ne kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san shi tun yana da gajeren wando. Ya ce, "Ni zan kai ka."

"To ka riƙe lasin nan da kyau, tsohon banza. Saura maki uku a mayar da kai fasinja."

Daga ranar Cliff ya ɗaura ɗamara. Ya ce wa kansa duk inda zai je, ya ɗauka akwai akwati a bayansa. In allo ya ce hamsin, arba'in da takwas yake yi. Ya naɗa Glenys mai karanta masa alluna, tana zaune a gefe tana shela kamar mai gwanjo: "Sittin! Hamsin, Cliff, hamsin na ce!" Motoci su taru a bayansa suna ƙyafta fitila, manyan motoci su cika masa madubi har yana iya karanta sunan da ke goshinsu, masu wucewa su nuna masa yatsa. Ya cije. Wata biyar cur ya yi a haka, ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta yi masa gardama ba.

Tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Wata Talata cikin Maris ya ɗauki Len zuwa asibiti a Leeds, inda ake ƙara masa magani ƙarfe goma da rabi. Suna hawa babbar hanya allo ya ce arba'in, an rubuta a gefe cewa an ba da rahoton wani abu a kan titi. Suka wuce allo na farko, ba su ga komai ba. Na biyu, arba'in. Na uku, arba'in. Titi a buɗe har iyakar ganin ido, rana ta fito, ko ledar burodi babu a kan kwalta. Len yana ta tari cikin hankici, fuskarsa ta yi fari fat, yana duban agogo.

"Cliff."

"Na ji."

"Ka bari sai na mutu ka yi mini wannan tafiyar mana. Yau da raina nake, taka ta!"

"Allo ya ce arba'in."

"Allo ne zai sha maganin ko ni? In muka makara sai su ba wani kujerata, in dawo wani mako. Kana ganin ina da makonnin rabawa?"

Wannan maganar ce ta taka totur, ba Cliff ba. Allura ta haura hamsin, ta ɗan wuce. Suna shiga ƙarƙashin allo na huɗu hasken kyamara ya walƙa sau biyu a madubi. Haka suka ci gaba har Leeds. Sun isa da sauran minti shida, aka kuma bar su zaune a layi kusan awa ɗaya.

Wasiƙar ta zo bayan kwana tara, da tambayar nan da kowa ya sani: wane ne yake tuƙi a lokacin? Bayan motar kawai kyamarar ta ɗauka, ba a ga fuskar kowa ba. A nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami, miji ya rubuta sunan mata, uba ya rubuta sunan ɗa, a raba maki a cikin gida kamar ana raba nama. Glenys ta zuba masa shayi, ta tura takardar gabansa.

"Sa sunana. Ni daga kasuwa sai coci nake zuwa, me zan yi da lasin mai tsabta?"

"Ke da ba ki taɓa wuce talatin ba? Ko kyamarar sai ta yi dariya. Kuma in aka gano, kurkuku ne, Glenys, mu biyu."

Da yamma Len ya sa aka kawo shi, ya zauna a kicin yana haki, ya miƙo hannu. "Ba ni biro. Ni na sa ka, ni zan ɗauka. Rubuta Leonard Hinchliffe. Me za su yi mini, su ɗaure gawa?"

Gaskiya zuciyar Cliff ta raya masa. Ga hanya a buɗe, ba mai sani, alƙawari ya tsira. Ya dubi hannun Len, hannun da ya riƙe sitiyari shekara arba'in da ɗaya, yanzu ya koma ƙashi da jijiya. Ya ja takardar zuwa gabansa.

"Tun ina saurayi kake cika mini kunne da lasinka mai tsabta. Yanzu da ya rage maka shi kaɗai, ni zan shafa masa baƙi? Ba da ni ba. Kuma ba zan kai ka wurin Sheila da lasin ƙarya a aljihuna ba."

"Taurin kai zai kashe ka."

"Sai dai ka riga ni, ai ka kama layi."

Ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ya je da ƙafarsa ya jefa a akwatin gidan waya.

Cikin Satumba aka kira shi kotun majistare. Ya sa baƙar kwat ɗinsa ta aiki, har mai gadin ƙofa ya ɗauka wani ya mutu a ciki. An gaya masa akwai ƙofa ɗaya: in mutum ya nuna cewa karɓe lasin zai jefa shi ko wasu cikin matsanancin hali, alƙalai suna iya ɗaga masa ƙafa. Su uku ne a kan benci, ta tsakiya wata dattijuwa mai tabarau.

"Mista Holroyd, in aka dakatar da kai za ka rasa aikinka?"

Da ya ce e, da wataƙila an wuce wurin. Amma Denise ta riga ta gaya masa ba inda za shi, zai riƙa wanke motoci da ɗaukar akwati har wa'adin ya cika. Ya ce, "A'a, ranki ya daɗe. Ba za a kore ni ba."

"To wane hali za ka shiga?"

"Na yi wa abokina alƙawari zan tuƙa shi zuwa kabarinsa. Likitoci sun ce ba zai ga Kirsimeti ba."

Dattijuwar ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Suka haɗa kai su uku suna ƙus-ƙus. Ta ce sun ji, kuma sun tausaya, amma sau huɗu ke nan, kuma alƙawari tsakanin abokai bai kai abin da doka take nufi ba. Wata shida. Sai sha biyu ga Maris zai sake taɓa sitiyari.

A bas ya koma gida, ya zarce wurin Len ya faɗa masa. Len ya ce a miƙo masa kalandar da ke bango. Ya buɗe Maris, ya zagaye sha biyu da jan biro.

"To zan jira ka."

"Len, likita ya ce..."

"Likita ya taɓa jiran a sauke kaya a tashar jirgin ruwan Hull? Na taɓa kwana uku a layi. Wata shida ɗin me?"

Ya kuwa jira. Allah ya sani ya yi iya ƙoƙarinsa. Abincin da ba ya so ya riƙa turawa, maganin da ke sa shi amai ya riƙa haɗiyewa yana zagin wanda ya haɗa shi. Kullum da safe Cliff ya hau bas ya zo, su soke rana ɗaya a kalanda tare, su yi karta a kan bargo. Kirsimeti ta zo ta same shi, har ya sa aka kira likitan a waya don kawai ya shaida masa yana nan da ransa. Sabuwar shekara ta shigo yana nan. Sai a makon ƙarshe na Janairu, wata Laraba da hantsi, numfashin ya ƙi. Abin da ya faɗa wa Cliff na ƙarshe shi ne, "Na so in kai, mutumina. Mai ya ƙare." Saura mako shida a kalanda.

Cliff ya yi kuka a banɗakin gidan, ya wanke fuska, ya tafi wurin Denise.

A jana'izarmu, kafin mota ta tashi, shugaban gidan jana'iza yakan sa doguwar baƙar hula, ya riƙe sanda, ya taka a gaban motar gawa daga ƙofar gidan mamaci zuwa kwanar layi. Taku hamsin ne ko sittin. A kwana ya juyo ya rusuna wa akwati, ya shiga mota, a tafi. A gidan Sowden aikin Denise ne, kamar yadda ya kasance na ubanta.

"Denise, ara mini hular babanki da sandar."

Ta dube shi. Tun tana 'yar shekara goma yake ba ta alewa a garejin nan, ta san fuskarsa in ya riga ya yanke magana. "Za ka yi masa takun kwana? Ai ba komai, Cliff, ka yi."

"Ba kwana ba. Har makabarta."

"Mil uku ne fa ba kaɗan! Ga tudu, ga gwiwar nan taka da kake ɗaurewa kullum."

"Sun ce kar in tuƙa. Ba su ce kar in yi gaba ba. Ke ki riƙe sitiyari, amma inda na sa ƙafa nan za ki sa taya, kuma gudun da na yi shi za ki yi. In haka ne, wa ya kai shi?"

Denise ta juya. Ta shiga ofis ta ɗaga waya, ta matsar da lokacin binnewa da awa ɗaya da rabi, ta sanar da 'yan sanda hanyar da za a bi. Sannan ta sauko da akwatin hular daga saman kabad ta hure ƙurar.

Ranar jana'izar an tashi da yayyafi mai sanyin shiga ƙashi. Ƙarfe goma Cliff ya tsaya a ƙofar gidan Len, ya rusuna wa akwati, ya juya ya fara takawa. Motar gawa a bayansa, motar dangi da Glenys a ciki, sai kawunan tirela guda biyar na tsofaffin abokan aikin Len, an wanke su suna ƙyalli. Da aka zo kwanar layi maƙwabta suka jira ya juyo ya shiga mota. Bai juyo ba, ya sha kwana ya miƙe.

Ya sassauta a gaban firamarensu. Ya sassauta a shagon kifi da dankali, mai shagon ya fito da gyalen aiki a wuya ya sunkuyar da kai. A ƙofar kulob mutanen da suka yi masa dariya suna jere, kowa hula a hannu, yau ba mai tambayar ko mamaci yana sauri. Kafin a fita gari layin motoci a baya ya kai inda ido ba ya gani. Wani mai farar motar kaya ya gaji ya danna ham. Ɗaya daga cikin tirelolin ta amsa masa da nata sau ɗaya, irin wanda ke girgiza gilashin taga, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

A mil na biyu gwiwar ta fara magana. Kowane taku kamar ana soka masa ƙusa, ruwa ya jiƙa kwat ta yi nauyi, sandar da ake riƙewa don ado ta koma sandar dogarawa. Bai canza taku ba. Sannu ba ta hana zuwa, shi ya fi kowa sani, da ita ya ci abinci shekara talatin da huɗu.

Da suka hau gadar da ta ƙetare M62 ya tsaya cak, motar ma ta tsaya. A ƙasa ga allunan nan a jere, jan zobe, arba'in, motoci suna jan ciki a ƙarƙashinsu. Ya yi zaton in ya gan su ransa zai ɓaci, sai ya tarar ba su ne a gabansa ba. Titin yake kallo, wanda Len ya bi ya dawo ya fi sau dubu. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Wani direban babbar mota a ƙasa ya hango akwati da tirelolin da ke kan gada, ya danna ham mai tsawo, na bayansa ya karɓa, na bayansa ma haka. Cliff ya ce a ransa, yau dai arba'in ɗin nan ta sami mai ita.

Tudun ƙarshe ne ya kusa kayar da shi. Sau biyu ƙafar ta lanƙwashe. Denise ta sauke gilashi ta leƙo. "Cliff, don Allah shigo. Ka yi abin da ba wanda ya taɓa yi, ya isa haka."

Bai waiwayo ba. "Mis Sowden, ki kula da furannin nan, kwana na zuwa."

Ƙarfe sha biyu saura kwata ya sa ƙafa a ƙofar makabarta. Ya juyo, ya rusuna yadda ake yi, ya kasa miƙewa sai da Glenys ta fito da gudu ta kama masa hannu. Da ta ga fuskarsa ba ta yi masa faɗa ba, ta dai gyara masa kwala. Ya ɗingisa zuwa bayan motar, ya buɗe da kansa, ya duba: ko fure ɗaya bai zamo ba. Can gaba kaɗan ga dutsen kabarin Sheila, an haƙa sabon rami a gefensa.

Ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin, jiƙe da ruwa.

"Mun iso, Len," ya ce. "Na ce ni zan kawo ka."

Sannan ya miƙa wa Glenys hular da sandar, ya matsa gaba, ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin akwatin tare da sauran.